Ga mai shirin komawa aiki da goyon wata uku

'Yar uwa, na ga tambayarki: hutun haihuwa ya kusa ƙarewa, ga jaririya 'yar wata uku tana shan nono zalla, ga yayanta ɗan shekara biyu, kin rasa ta inda za ki ɓullo. Allah ya raya mana su.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. Ki samu shugabanku tun kafin ranar komawa, ki nemi a haɗe miki su awa guda ki riƙa tashi da wuri. Ni haka na yi, kuma an yarda.

Tatsar nono ce ta fi ba ni wuya. Ki fara gwadawa sati biyu kafin ki koma, da asuba, lokacin da nono ya cika. Ki zuba a kofi mai murfi da kika tafasa. A ɗaki yana kai awa 4, a firji kwana 4, amma da zafin bazara da ɗauke wutar nan, ni ban taɓa yarda ya daɗe a waje ba. Mai reno ta tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, kada ta ɗora a wuta, sannan ta ba ta da cokali a hankali.

Don Allah kada ki bar wa yarinya 'yar shekara goma yara biyu. Ki nemi babbar mace, ko Hajiyarku idan tana kusa. Ranar farko da na koma aiki har hawaye na yi cikin adaidaita sahu, sai da na kira gida sau uku kafin azahar.