Amsa: hawa zuwa magangarar ruwan Vernal a cikin hunturu

Ka tambaya ko za a iya zuwa magangarar ruwan Vernal da ke gandun dajin Yosemite a Kalifoniya cikin watan Janairu, a dawo a ranar. Ana iya zuwa, amma ba ta hanyar ƙafa mai suna Mist da aka saba bi ba. Ana rufe ɓangarenta mai matakalan dutse sama da 600 a hunturu saboda ƙanƙara da duwatsun da ke ruftowa. Daga Happy Isles, inda hanyar ƙafar ta fara, ka tafi har gada, kusan kilomita 1.3, ka kama hanyar John Muir zuwa mahaɗar da ake kira Clark Point, sannan ka gangaro saman magangarar ruwan.

Don Allah kada ka je ba ƙusoshin da ake ɗaurawa ƙarƙashin takalmi. Kwarin inuwa ne, dusar ƙanƙarar da aka tattaka tana narkewa ta sake daskarewa, sai ka ga hanya tana sheƙi, kuma wajen saukowa aka fi zamewa. Ka fita da ƙarfe 9, don rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5. Ɗauki ruwa lita 2 da tocila, famfon gadar a kashe yake.