Tambaya da Amsa: Shin Koktel Ruwan 'Ya'yan Itace Ne Kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani kamfani a Abuja, kuma a 'yan watannin nan ana yawan tura ni rakiyar baƙinmu na ƙasashen waje zuwa cin abincin dare a otal. Ni ba na shan giya, amma idan aka miƙo takardar abin sha sai in rasa gane komai a cikinta. Wani abokin aikina ya ce mini wiski ne kaɗai ke da ƙarfi, biya kusan lemo ce, koktel kuwa ruwan 'ya'yan itace ne da aka ƙawata. Mene ne bambancinsu, wanne ya fi sa maye, kuma me zan nema wanda babu barasa a cikinsa? Daga mai karatu a Abuja.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokin aikinka ya faɗi gaskiya a kan ƙarfin wiski, amma ya kuskure a sauran biyun, kuma kuskurensa a kan koktel shi ne wanda zai iya jefa ka cikin abin da kake gudu.

Biya, wato giyar kwalba, tafiyarta ɗaya da burukutu da fito waɗanda muka sani a nan gida. Ana jiƙa hatsi har ya tsira, a busar, a niƙa, a dafa, sannan a zuba yis a bar shi ya tsimu, sai yis ɗin ya cinye zaƙin da ke ciki ya mayar da shi barasa. Turawa da sha'ir suke yi, suna kuma ƙara wani fure mai ɗaci da ake kira hof. Har doka aka kafa a Bavariya ta ƙasar Jamus a 1516 da ta taƙaita kayan haɗin ga ruwa da sha'ir da wannan fure. A Najeriya kuwa, tun bayan da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a ƙarshen shekarun 1980, kamfanonin giya suka koma amfani da dawa, wadda mafi yawanta a Arewa ake nomawa. Yawancin biya tana ɗauke da barasa kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari, sai dai baƙar Guinness da ake yi a nan ta kai kashi 7.5.

Shi wiski daga inda biya ta tsaya yake farawa. Ana ɗaukar tsimammen ruwan hatsin a ɗora a tukunyar tagulla, kuma da yake barasa tana tafasa a kusan digiri 78, tun kafin ruwa ya kai nasa digiri 100, ita ce ke fara tashi a matsayin tururi. Sai a bi da tururin ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, a tara. Haka ake yin ogogoro daga bammi a kudancin ƙasar nan. Abin da ya raba wiski da ogogoro shi ne hatsi da kuma ajiya a gangar katako: dokar Sikotilan ba ta yarda a kira abu wiskin ƙasar ba sai ya shekara uku aƙalla a ganga, kuma daga katakon yake samun launinsa na zuma. Na Amurka da ake kira Bourbon dole ne masara ta kai kashi 51 na hatsinsa, a kuma ajiye shi a sabuwar ganga da aka babbake cikinta. A dokokin Sikotilan da Amurka, ba a sayar da wiski da ƙarfin da ya gaza kashi 40.

To amma ƙarfin da ke rubuce a jikin kwalba ba shi ne adadin da ke shiga cikin mutum ba, kuma a nan ne maganar abokinka ta karye. Babbar kwalbar biya mai mililita 600, idan ƙarfinta kashi 5 ne, tana ɗauke da tsantsar barasa mililita 30. Ƙaramin awon wiski na mililita 25 kuwa mililita 10 ne kawai a cikinsa. Ke nan wanda ya shanye babbar kwalba ɗaya ya sha daidai da awo uku na wiski, ko da kuwa yana kiran abin da ya sha lemo.

Koktel haɗi ne, kuma ginshiƙinsa kusan kullum ɗaya daga cikin masu ƙarfin nan ne: wiski, ko jin, ko bodka, ko ram wanda ake yi da rake. Wasu daga cikin tsofaffin sunayen da za ka gani a takarda babu ɗigon ruwan 'ya'yan itace a cikinsu. Martini jin ne da wata giyar inabi mai ƙamshin ganyaye. Negroni, wanda ya fito daga birnin Florence na Italiya, abubuwa uku ne daidai wa daida, kuma dukkansu giya ne, ta yadda ɗan ƙaramin kofinsa ya zarce awo biyu na wiski. Old Fashioned wiski ne da sukari da ɗigon maɗaci. Waɗanda suka fi ruɗar baƙo su ne irin su Mojito na ƙasar Kuba, wanda ke zuwa da na'ana'a da lemon tsami da ƙanƙara har ka ɗauka abin buɗe-baki ne, alhali ram ne a ƙarƙashinsa, kuma zaƙi da sanyi sun rufe ɗanɗanonsa.

Game da abin da za ka nema, akwai wuri guda da mutane da yawa ba sa lura da shi. Chapman, wanda aka sani a Najeriya a matsayin abin shan marasa shan giya, ana yawan ɗiga masa wani ruwan maɗaci da ake kira Angostura domin ɗaci da ƙamshi, shi kuwa Angostura barasar da ke cikinsa ta kai kashi 44.7. Ɗigo kaɗan ne, gaskiya, kuma hukuncin irin wannan na malaman fiƙihu ne, ba nawa ba, amma mai son kauce wa shubuha sai ya ce a haɗa masa ba tare da shi ba, kuma ba wanda zai yi mamaki. Haka giyar kwalbar da ake cewa marar barasa, wasu nau'o'inta suna ɗauke da har rabin kashi ɗaya, don haka a duba jikin kwalbar. Maltina da ire-irenta ba a tsima su kamar biya, shi ya sa ba sa cikin wannan lissafi. Manyan otal-otal sukan ware wani sashe a takarda da suke kira moktel, wato haɗin da aka kwaikwayi koktel babu giya. Ko a nan ma ka tambayi mai kawo abincin abin da aka zuba, domin sunayen sukan yi kama da juna, kuma a daren da jama'a suka yi yawa kofuna biyu masu launi ɗaya kan zo a faranti ɗaya.

Idan kuma baƙin suka nemi shawararka kan abin da za su sha, ka gaya musu kai tsaye cewa ba ka sha, ka miƙa su ga ma'aikacin da ke haɗawa, wanda aikinsa ke nan, kai kuma ka nemi zoɓonka mai sanyi.