Tambaya da Amsa: Zan Kai Iyalina Yankari da Mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kano, ina da mata da 'ya'ya huɗu, autansu ɗan shekara biyar. Yaran sun matsa mini da zancen Yankari. Na yi niyyar kai su da motata a hutun makaranta na watan Agusta, mu tashi da sassafe mu dawo a ranar. Hakan zai yiwu? Kuma za su ga giwa da raƙumin dawa kamar yadda suke fata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya sa yaran su amfana. Sai dai ina roƙonka ka sauya abu biyu a shirin nan: watan da ka zaɓa, da batun dawowa a rana ɗaya.

Agusta tsakiyar damina ce. Ciyawa ta fi mutum tsayi, ruwa ya kwanta ko'ina, don haka dabbobi ba su da dalilin taruwa wuri guda. Dajin kuwa ya kai murabba'in kilomita 2,244, ka ga in sun watsu a cikinsa sai wanda Allah ya ba sa'a. Ga laka a hanyoyin da motar zagaye ke bi. Da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, tafkuna sun ƙafe, ganye ya zube, ƙishirwa na koro namun daji zuwa bakin kogin Gaji. A nan ake ganin ɓauna, gwanki, gwambaza, kanki da dorina. Ni da zaɓina ne, hutun Afrilu zan ɗauka duk da zafinsa. Na Disamba ya fi daɗin iska, amma makon Kirsimeti da sabuwar shekara wurin kan cika maƙil.

Hanya kuma, daga Kano za ka bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, ka shiga Bauchi, tafiyar kusan kilomita 300. Daga Bauchi ka ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, ka karya dama har ƙofar dajin a Mainamaji. Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne, isa ƙofa ba isa masauki ba ne. Daga nan zuwa sansanin Wikki akwai sama da kilomita 40 a cikin daji, ba gidan mai, ba mai faci. Ka cika tanki a Bauchi, ka ciri kuɗi a hannu a nan, ka tabbata safaya na da iska, jak na aiki. Kwana biyu kafin tafiya bakanike ya duba birki da ruwan inji, takardun mota su zama a kusa saboda shingayen hanya. Ka tashi bayan sallar asuba don ka isa da rana, kuma ka tambayi direbobin Bauchi a tasha halin da hanya ke ciki a makon, su suka fi kowa sani.

Ka lissafa wannan tafiya sau biyu a yini ɗaya da yara huɗu, za ka ga ba a bar wa dajin komai ba. Ana fita zagaye ne da sassafe da kuma yamma, lokacin da dabbobi ke motsi. Da tsakar rana suna inuwa. Ku kwana biyu, domin ku sami zagayen safe da na yamma. Tun 2006 dajin ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi bayan ya zauna ƙarƙashin tarayya daga 1991, to ka tuntuɓi masu kula da shi ka kama ɗaki kafin ka bar gida.

Maganar giwa, ka gaya wa yara gaskiya tun a gida. Yankari na cikin 'yan wuraren da garken giwa ya rage a Najeriya, amma ba a ɗaure suke ba. Wani ya gan su a fitar farko, wani ya koma da ganin sawu da kashi kawai. Raƙumin dawa kuwa babu shi a Yankari yanzu. Akwai shi a gandun Sumu, tare da jakin dawa, waɗanda aka kawo daga Namibiya, kuma Sumu na kan hanyarka tsakanin Bauchi da Ningi, sai ku ratse a dawowa.

Wanda ba za ku rasa gani ba shi ne gwaggon biri. Suna yawo a tsakiyar sansani tare da mugun dawa, sun san leda, sun san ƙofar da ba a kulle ba. Kada autanka ya riƙe biskit ko lemo a waje, domin za su fizge, kuma haƙoransu ba abin wasa ba ne. Kada kowa ya ba su abinci. Wajen zagaye kuma akwai tsando, cizonsa da zafi, kuma baƙi da shuɗi ke jawo shi. Ku sa tufafi masu haske, masu dogon hannu.

Abin da na fi so wa iyalinka shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau har kana ganin farin yashin ƙasa, ɗuminsa kusan digiri 31 rani da damina. Wajen bakin dutsen ya fi zurfi, don haka ƙananan su tsaya ta ƙasa inda ruwan bai wuce su ba, idonka na kansu. In uwargida da 'yan mata na son shiga cikin natsuwa, su je da hantsi a ranar aiki, kafin jama'a su taru, da kayan wankan da suka dace da su.