Kafin Ka Ɗaura Wa Jif Ɗinka Tirelar Ɗaukar Mota

Wani mai sayar da motoci a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Ina da Highlander ƙirar 2010 mai silinda shida, ita nake hawa, ita ke kai yara makaranta. Ɗan yayana, wanda shi ke tuƙa ni, ya kawo shawarar mu sa mai walda ya ƙera mana 'yar tirela mai ɗaukar mota ɗaya, mu riƙa kwaso motoci daga Kano zuwa Katsina da Daura, namu da na sauran dillalai. Ya ce jif ɗin za ta ja ko da Sienna ce, kuma a kan naira dubu 80 kowane sawu, cikin wata huɗu mun fanshe kuɗin tirelar. Na riga na yi wa mai walda alkawarin kafin alƙalami ranar Asabar. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka kai kuɗin nan ranar Asabar.

Sau biyu na karanta saƙonka ina neman inda za ka ce "na duba" ko "na auna", ban samu ba. Daga farko har ƙarshe "ya ce" ne. Ya ce za ta ja, ya ce wata huɗu. Kai da ba ka sayen mota sai ka leƙa ƙarƙashinta, ka saurari inji, ka shafa fenti ka ji ko an yi mata ciko, yau kana shirin zuba jarinka a kan maganar baki saboda wanda ya faɗa jininka ne. Nan matsalar take. Ba na zargin yaron da mugun nufi, mai yiwuwa so yake ya ga ya zama wani abu a gidanka, kuma wannan abin yabawa ne. Amma me ya sa a ciki? Jif taka ce, kuɗin tirela naka ne, motar da za a ɗora amanar wani ce a wuyanka. Ranar da giya ta ƙone a Bichi, waya zai bugo ya ce, "Baffa, tsautsayi ne." Ba za ka ci shi tara ba, ba za ka kore shi ba, don ka san yayanka zai ji zafi. Shawarar wanda ba zai yi asara ba, a auna ta sau biyu kafin a ɗauka.

To bari mu auna. Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa Highlander irin taka nauyin da za ta ja. Idan ta fito daga kamfani da cikakken shirin jan kaya, wato babban lagireto da na'urar sanyaya man giya da sauransu, iyakarta kilo 2,268. Idan ba ta da wannan shiri, kilo 907 ne kacal. Bambancin ya fi ninki biyu, kuma da ido daga waje ba a gane shi. Ka san wacce ce taka a cikin biyun? Na tabbata ɗan yayanka bai sani ba.

Mu ƙaddara taka mai cikakken shirin ce. Tirelar ƙarfe mai taya huɗu da za ta iya ɗaukar mota, ita kaɗai ba komai a kanta, tana kaiwa kusan kilo 1,000. Ta mai walda ma takan fi haka, don su a wurinsu kaurin ƙarfe shi ne inganci. Camry wajen kilo 1,500 ce. Ka haɗa, 2,500, ka riga ka zarce iyaka. Corolla wajen 1,250 ce, da ita ka tsaya a bakin gaɓa, babu ragowar ko buhun gero ɗaya. Sienna kuwa tana dab da tan biyu, ka ga lissafi ya doshi kilo 3,000. Kuma iyakar nan ta sabuwar mota ce, ba wadda ta sha titin Amurka sannan ta zo ta sha namu ba.

Gaskiyar yaron ɗaya ce, za ta ja. Injin nan yana da ƙarfi, in aka taka za ta tashi da kayan, kowa ya tafa. Abin da bai gaya maka ba shi ne yadda za ta tsaya. Littafin motar ya ce duk tirelar da nauyinta da kayanta ya wuce kilo 453, dole ta zo da birkinta na kanta. Tambayi mai waldar ko zai sa birki. Abin da na saba gani shi ne a samo tsohuwar ƙafar mota a wurin 'yan gwangwan, a liƙa mata tayoyi, a shimfiɗa ƙarfe a kai, shi ke nan. Highlander kanta wajen tan biyu ce, ka ga abin da ke bayanta ya fi ta nauyi. Ka tuna yadda Charanchi take ranar kasuwa, ko Kankia da yamma, ɗan acaba ya faɗo titi, akuya ta gitta. Direba ya danna birki, jif tana son tsayawa, tan biyu da rabi na tunkuɗa ta daga baya. Wanda zai fara shan wahalar ba kai ba ne, mai tallan da ke bakin hanya ne. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, don asarar kuɗi ana mayarwa.

Sai maganar maƙalin. Highlander ba ta da shasi daban irin na Hilux ko Prado, jikinta da ƙashinta abu ɗaya ne, a kan tsarin Camry aka gina ta. Akwai wuraren da kamfani ya tanada a ƙarƙashi inda ake ɗaure maƙalin tirela da kusoshi. In mai walda ya kafa ƙugiya a ƙarfen bayan bamba ya ƙona, ranar da aka faɗa rami da gudu nan zai yage. Kuma wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela a kan maƙalin nan yake sauka, wato kilo 250 a lissafinmu, alhali iyakarsa 227. Baya ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu. In aka ce a ja motar baya a kan tirela don a rage wa jif nauyi, sai tirelar ta fara wutsil-wutsil da zarar an ɗan yi gudu, babbar mota na giftawa iskarta ta kwashe ku.

Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa a Daura da ya yi irin wannan da jif ɗinsa, a kan shawarar ƙanen matarsa. Sawu shida suka yi lafiya, har ya fara maganar ƙera tirela ta biyu. A na bakwai, cikin zafin watan Afrilu, suna tahowa ta hanyar Kazaure, giya ta fara jinkirin shiga, daga nan ta daina gaba ɗaya. Ina tsaye lokacin da bakanike ya zaro sandar auna man giya ya shafa a farin tsumma. Man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi ƙirin, yana warin ƙonannen tuwo. Bakaniken bai ce komai ba, ya miƙa masa tsumman kawai. Kuɗin wata giyar ya cinye abin da suka tara a sawu shidan har ya nemi ciko, motar mutane ta kwana biyu a bakin titi ana gadinta, mai ita ya janye cinikinsa. Da na ce ya nuna mini littafin da yake rubuta kuɗin kowane sawu, babu. Ƙanen matar ne ke riƙe da lissafin a ka. Har yau gaisuwarsu sama-sama ce.

Batun wata huɗun nan kuma, ina roƙonka ka cire shi a ranka, ganin kitse ake yi wa rogo. Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne, zuwa da dawowa 340, kuma rabin tafiyar tirela wayam za ta yi, ba mai biyan ka. Da irin wannan nauyi kada ka sa ran ƙasa da lita 55 zuwa 60 na fetur. Ka ninka da farashin da ka sha yau, ka ga abin da ya rage a dubu 80 ɗin, tunda tallafin mai ya tafi tun Mayun 2023. Daga ragowar za ka fitar da abincin direba da yaron mota, da abin da hanya ke ci, da tayoyi takwas da ke gogewa maimakon huɗu, da birki, da juyen man giya akai-akai. Inshorar naira dubu 15 da ke cikin takardunka ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har zuwa naira miliyan 3. Ba ta biyan jif ɗinka, ba ta biyan motar da ka ɗauko. In motar dillali ta zame daga tirela, daga aljihunka za ka saya masa wata. Sannan duk ranar da jif take hanyar Kano, da me za a kai yaran makaranta?

Ban ce babu kasuwa a ɗaukar motoci ba, wataƙila akwai. Amma ba ka sani ba tukuna, shi ma bai sani ba. Ka sayi littafi, ka yi wata uku kana ɗaukar hayar janwe ko motar da aka ƙera don wannan aiki. Duk sawu ka rubuta da hannunka: motar waye, nawa ya biya, nawa ka biya, kwana nawa aka jira kafin wani aikin ya samu. In bayan wata ukun ka ga aiki na zuwa ba yankewa, sai ka yi maganar sayen Canter ko Dyna mai shimfiɗaɗɗen baya, ka ba yaron ya tuƙa da albashi a rubuce, jif ɗinka kuma ta ci gaba da aikinta na gida.

Shi kuma kada ka kunyata shi a gaban mutane. Ka kira shi bayan Isha'i, ku biyu, ka ɗauko littafin motar daga aljihun gaba, ku buɗe shafin jan tirela ku karanta tare. In littafin ya ɓata, akwai shi a intanet. Ka ce ya je wurin mai walda ya tambayo nauyin tirelar da zai ƙera da kuma ko za ta zo da birki, ya kawo maka amsa a takarda. Mai waldar kuma ka buga masa waya yau, ka ce a dakata da maganar Asabar.