GIF: "gif" ake cewa ko "jif"?

Malam, ka ce kun yi musu da abokin aikinka kan yadda ake furta GIF (wani tsarin hoton kwamfuta da aka fi sani da hotuna masu motsi), shi yana cewa "jif", kai kana cewa "gif", kana son sanin wa ya yi daidai.

Kowannenku yana da madogara. Steve Wilhite, wanda ya ƙirƙiro tsarin a kamfanin CompuServe a 1987, ya tsaya kai da fata cewa "jif" ne, har ya nanata hakan a 2013 lokacin da aka ba shi lambar yabo ta Webby. Masu "gif" kuma suna cewa G ɗin daga kalmar "graphics" ta fito. Ƙamus na Oxford ya karɓi duka biyun. Ni dai "gif" nake cewa, bakina ya riga ya saba.

Inda muke yawan tuntuɓe shi ne zaton kowane harafi sautinsa ɗaya ne a Turanci, kamar a Hausa. Dubi "gift" da "giant". SQL (yaren kwamfuta na sarrafa rumbun bayanai) ma haka take: wasu na cewa "sikwel", wasu na furta ta harafi-harafi.

In jarrabawa ce ko za ka gabatar da jawabi, saurari lafazin a ƙamus na intanet, ko ka tambayi malamin Turanci. A ofis kuwa, bi yadda aka saba faɗa.