Idan Daji Na Ciyar Da Mutum, Me Ya Kai Shi Gona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da tarihi a sakandare. Littafinmu ya ce mutanen farko sun gano noma, sai suka daina yawo suka zauna wuri guda. Wata ɗaliba ta ce, tunda daji na ba su abinci kyauta, me ya kai su wahalar gona? Na rasa amsar ba ta.
Daga wata malama

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ɗalibar nan ta yi tambayar manya, littafin kuma ya sa na gaba a baya. Abin da masu tonon kufai suka gano shi ne, a Gabas ta Tsakiya, zama ya riga noma. A yankin Falasɗinu, Jodan da Siriya, mutanen da ake kira Natufawa suna gina ɗakuna masu harsashin dutse tun kimanin shekara 14,000 da suka wuce, ba su da gona ko ɗaya. Barewa suke farauta, su yanki alkama da sha'ir na daji da lauje mai bakin dutsen ƙyastu.

Kada ki raina wannan girbi. A shekarun 1960 wani masanin tsirrai Ba'amurke, Jack Harlan, ya gwada shi a kudu maso gabashin Turkiyya da irin laujen nan. Ya samu wajen kilo guda na tsabar alkama a awa ɗaya, ya ƙiyasta cewa iyali na iya tara abincin shekara cikin mako uku.

To a nan gizo ke saƙar. Hatsin shekara ba ya ɗaukuwa a ka, balle dutsen niƙa. A Dhra', kusa da Tekun Gishiri a Jodan, an tono rumbuna masu shekara 11,300, an ɗaga daɓensu sama saboda laima da ɓera. A ganina rumbu ne ya fara ɗaure mutum, tun kafin gona, domin wanda ya cika rumbu ba ya yin nisa da shi.

Sauran aikin, hatsin da kansa ya yi rabinsa. Alkamar daji da ta nuna sai zangarniyarta ta kakkaɓe, tsabar ta zube ƙasa, don da haka take yaɗuwa. Jefi-jefi akan samu wadda tsabarta ke maƙalewa. A daji wannan nakasa ce, amma ita ce ke jiran mai lauje, ita ke zuwa gida, ita ake warewa a matsayin iri. Shekara bayan shekara ta rinjayi sauran, har aka wayi gari da alkamar da ba ta iya yaɗuwa sai an shuka ta. Abin ya ci wajen shekara 2,000, babu wanda ya ga farkonsa ya ga ƙarshensa. Yanayi ma ya taimaka, bayan zamanin ƙanƙara, wato lokacin tsananin sanyi a duniya, ya wuce shekara 11,700 baya, damina ta fi tsayawa kan ƙa'ida.

Wahalar da ɗalibarki ta hango kuwa gaskiya ce. A kufan Abu Hureyra ta Siriya, wata mai bincike, Theya Molleson, ta duba ƙasusuwan mazauna garin na dā, ta ga gwiwoyi da gadon baya da babban yatsan ƙafa sun lalace, musamman na mata, saboda durƙuson niƙa kullum. A wurare da dama manoman farko sun fi mafarauta gajarta da ruɓewar haƙori. Me ya hana su komawa daji? Yawa. Macen da ke yawo ba ta iya goyon biyu, dole ta yi tazarar haihuwa. Wadda ke zaune tana da kunun yaye, haihuwa ta zo kusa-kusa. Kafin a ankara bakunan sun fi ƙarfin abin da daji ke bayarwa.

Ki kuma gaya wa ɗalibanki ba wuri ɗaya aka fara noma ba. Sin ta yi shinkafa a kwarin Yangtze, Meziko ta fitar da masara daga wata ciyawa wajen shekara 9,000 baya. A Afirka ma tsarin daban ne, kiwon shanu ya riga shuka da dubban shekaru, gero na gida kuma sai wajen shekara 4,500 baya aka ga shaidarsa a kwarin Tilemsi na Mali, a hannun makiyaya.