Yadda ake nazarin tafiyar ƙura a cikin filasma

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙurar hunturun da ke lulluɓe mana Zariya za ta yi amfani a gwajin filasma mai ƙura (filasma ita ce iskar gas da ta ɗauki cajin lantarki). Da wuya, domin girman ƙwayoyinta ya bambanta. Masu bincike suna zuba ƙwayoyin roba masu girma ɗaya, 'yan maikuromita kaɗan (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), cikin iskar argon da aka kunna da lantarki mai megahaz 13.56, wato mai kaɗawa sau miliyan 13.56 a daƙiƙa. Kowace ƙwaya tana tara dubban ilektron, wato 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu ɗauke da cajin lantarki, sai ƙarfin lantarki ya ɗaga ta ta tsaya a sarari, a haska ta da leza, kyamara kuma ta bi sawunta. A 1994 aka ga ƙwayoyin sun jeru reras, kuma ni wannan ya fi burge ni.